Daga Unguwa Uku zuwa ɗakin Baba: neman faifan jaz a Kaduna

Ya kai wata biyu yayana da ke zaune a Kaduna yana damuna da waya wai in zo, akwai wani dattijo a layinsu mai faya-fayan garmaho kwali-kwali, kuma shi da kunnensa ya sha jin irin kiɗan nan nawa yana tashi daga ɗakin mutumin da yamma. Irin kiɗan nan naka, haka kowa a gidanmu yake kiran jaz. Ni kuma na kai shekara takwas ina tara faifai, yawanci a nan Kano nake tsinta, wani a hannun 'yan gwangwan wani a gidan da aka yi rasuwa magada suka rasa yadda za su yi da tarkacen mamaci, toh da na samu hutun kwana uku a tsakiyar hunturu ban tsaya wata-wata ba, na ɗauko faifai ɗaya tak na naɗe a tawul na sa shi tsakanin kwali biyu na nufi tashar Unguwa Uku.

Wanda na ɗauka shi ne Moanin' na Art Blakey, makaɗin gangar jaz ɗan Amurka, amma bugun Japan, na kamfanin King da suka riƙa sake buga kayan Blue Note, kamfanin faifan jaz na Amurka, a ƙarshen shekarun 1970, har da 'yar ɗamarar takardar nan tasu mai rubutun Japananci a jikin kwalin. Shi ne mafi tsafta a duk abin da na mallaka, kuma burina tun da daɗewa in ajiye shi gefe da gefe da bugun farko na Amurka in ji da kunnena ko abin da ake ta faɗa, wai bugun farko ya fi daɗin ji, gaskiya ne. A tasha yaron mota ya miƙo hannu wai malam kawo a sa a but, na ce a'a wannan a cinya yake tafiya, na kuma zaɓi ɓangaren da rana ba za ta doke ni ba, don wanda bai sani ba, faifai roba ce, awa biyu a jikin gilashin mota ya ishe shi ya lanƙwashe, kuma in ya lanƙwashe shi kenan sai dai haƙuri.

Hanya dai hazo ne tun daga Kwanar Dangora, ba abin gani sosai. Sai da muka iso Kwangila a Zariya na ji wani abu a raina, don duk sanda na wuce nan sai na tuna Yusef Lateef, mai busa sakisofon da sarewa ɗan Amurka, Musulmi, wanda ya zauna a garin nan daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adu ta Jami'ar Ahmadu Bello, har sarewar Fulani ya yi nazari a kanta. Mutumin da faifansa ake rububi a Turai da Japan ya yi shekara huɗu yana shan ƙurar nan da muke sha, kuma da wuya ka samu mutum ɗaya cikin motarmu da ya taɓa jin sunansa. Abin yana min ciwo gaskiya. Muka wuce Jaji, Maraban Jos, Rigacikun, kafin la'asar muna Kawo.

Da magariba Yaya ya kai ni muka gaishe da dattijon a ƙofar masallaci. Dogo ne siriri, ya haura tamanin a ganina, tsohon ma'aikacin lantarki ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri tun lokacin da ake fita aiki kashi uku dare da rana. Na durƙusa na ce Baba ina wuni, ya amsa, Yaya ya yi masa bayani, ya dube ni ya dubi kwalin da ke hammatata ya ce ɗana saye ka zo yi ko ji? Na ce ji Baba. Ya ce toh gobe bayan la'asar in Allah ya kai mu, in an kawo wuta.

Da safe sai na ce bari in zaga gari kafin lokaci ya yi. Na hau keke zuwa Tudun Wada, na shiga Kasuwar Barci ina tambaya, masu gwanjo suna ta turani gaba, wannan ya ce je ka wajen masu tsofaffin rediyo wancan ya ce ai sai Panteka, na taka har Pantekar, cikin ƙarar guduma da walda da masu ƙera murhu da akwatin ƙarfe, a can wani lungu na samu wani bawan Allah mai gyaran amfilifaya da buhu biyu na faifai a ƙarƙashin benci. A kwance, an ɗora musu tsohuwar taransifoma a kai. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na zauna a ƙasa na fi awa ɗaya ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kiɗan Indiya ne da hailaif da waƙoƙin coci, sai na Shata guda biyu da suka ƙuje har ba ka ganin ƙyallin robar, mai shagon ya ce min masu kyaun ai tuni wasu daga Legas suka zo suka tsince, su kiɗan Najeriya na shekarun 1970 suke nema su fitar waje. Jaz guda ɗaya na samu, na Louis Armstrong, mai busa ƙaho ɗan Amurka, ba kwali, ya lotsa kamar kasko. Na san ba zai kaɗu ba amma na biya na ɗauka, saboda akwai hoton nan da nake so na Armstrong da Sardauna suna dariya, a nan Kaduna aka ɗauke shi a 1960 lokacin da ya zagayo Afirka, sai na ji ba zan iya barin mutumin a ƙarƙashin taransifoma ba.

Bayan la'asar na isa gidan Baba, an kawo wuta kuwa. Ɗakin ƙarami ne, a can ƙurya inda rana ba ta shiga, labule mai kauri, ƙasa ledar tsakar ɗaki tas, kuma abin da na fara lura da shi faya-fayan duk a tsaye suke kamar littattafai a kanta, ba guda ɗaya a kwance, an ɗaga kantar daga ƙasa da bulo saboda damina. Na'urarsa Garrard ce ta Ingila cikin akwatin katako da ya ce shi ya sa kafinta ya yi masa, da lasifika biyu manya masu rigar yadi. Kafin in zauna ya ce in je in wanke hannu. Na ji daɗin wannan maganar har raina, don daga nan na san inda na zo.

Na kwance tawul na nuna masa nawa. Ya karɓa da tafin hannu biyu ta gefe-gefe, bai taɓa fuskar ba, ya karkata shi wajen haske ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙe a hankali ya je kanta, ko dubawa bai yi ba ya zaro guda biyu. Duk Moanin'. Na farkon ya ce wani malami Ba'amurke da ya koyar a Kaduna farkon shekarun 1960 ne ya bar masa da zai koma gida, na biyun kuma shi ya saya daga baya da ya ga na farkon ya fara gajiya.

Hannuna har rawa yake da na karɓi na farkon. Nauyi gare shi, kauri kamar faranti. A takardar tsakiya mai shuɗi da fari ga adireshin Blue Note, 47 West 63rd a New York, ga lamba 4003, ga wani zurfaffen zobe da ya zagaye cikin takardar wanda injin matsi na wancan zamanin yake bari. Na kunna fitilar waya na haska ɗan filin nan da ba kiɗa tsakanin waƙar ƙarshe da takarda, inda duk asirin faifai yake, sai ga haruffa uku RVG, wato Rudy Van Gelder, mutumin da ya ɗauki sautin a falon gidan iyayensa a Hackensack ranar 30 ga Oktoba 1958 kuma shi ya yanka uwar faifan da hannunsa, kusa da su kuma ga 'yar alamar nan da masu tarawa suke kira kunne. Ba kunne ba ne a gaskiya, harafin P ne a murɗe, tambarin Plastylite, masana'antar da take matsa wa Blue Note faifai har zuwa 1966. Shekara takwas ina ganin alamar nan a hoto, ranar na fara ganinta ido da ido, a Kaduna, a ɗakin da ake jiyo kukan awaki ta taga.

Na biyun takardarsa ta nuna bayan kamfanin Liberty sun sayi Blue Note ne a tsakiyar shekarun 1960, sitiriyo ne, wato mai raba sauti hagu da dama, ya fi sauƙin nauyi, babu kunne babu zurfin zobe, amma hatimin Van Gelder yana nan. Na ce Baba ka san ma'anar wannan? Ya ce faɗa min. Na ce ai har lokacin da ƙarfen da shi Van Gelder ya yanka suke aiki, gidan matsin kawai aka canza. Sai ya yi murmushi ya ce shi bai taɓa leƙa wurin ba, shi dai ya san wanda ya fi cika ɗaki.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, kiɗa ɗaya ne aka ɗauka rana ɗaya a kan tef ɗaya, amma kafin ya zama faifan da ke hannunka sai wani ya zauna ya yanka shi da allura a kan wani faifai mai laushi, kuma a nan ne yake yanke shawarar yawan ƙarfin da zai ba shi, ko ya ƙara kaifi ko ya rage gindin sauti don kar allurar masu saye ta yi tsalle, daga wannan a zuba ƙarfe a fitar da uwa, daga uwa a fitar da hatimin da zai riƙa danna roba mai zafi, shi kuma hatimin yana cinyewa, faifan da ya fito da farko da wanda ya fito lokacin da hatimin ya gaji ba za su zama ɗaya ba ko da rana ɗaya aka buga su. In wata ƙasa za ta buga kuma yawanci kwafin tef ake aika mata, wani mutum daban ya yanka da kunnensa daban. Ga ita kanta robar, bayan rikicin man fetur na 1973 kamfanoni da yawa sun koma yin faifai siriri, wasu har da narka tsofaffi su sake bugawa, shi ya sa za ka sayi sabo dal ka ji yana shuu. Japanawa kam ba su yi wasa da roba ba, a nan suka yi suna.

Muka fara da na farkon. Baba ya goge shi da wani ƙyalle mai laushi, ya sauke allura, ƙaras ƙaras kamar ana tuyar ƙosai a maƙwabta, sai fiyanon Bobby Timmons ya shigo ya yi kira, masu busa suka amsa da sauti biyu, ya sake kira suka sake amsawa, Baba ya ɗaga yatsa ya ce ka ji 'yan amshi ko, ai wannan tsarin namu ne. Sannan Blakey ya murza gangar nan tasa kamar hadari ya taso daga gabas, Lee Morgan ya faɗo da ƙaho. Kai jama'a. Na sha jin wurin nan sau ɗari amma ban taɓa jin ƙahon ya fito ya tsaya a tsakiyar ɗaki haka ba, mono ne, komai daga wuri ɗaya yake fitowa a dunƙule, yana da jiki, ganga tana dukan ƙirji, farantan tagullar Blakey suna da kauri ba irin siririn tsss ɗin nan ba. Sai dai duk sanda Morgan ya hau sama da ƙarfi sai ka ji sautin ya tsage, kamar an yaga sabon yadi, kuma abin yana ƙaruwa in allura ta matso tsakiya. Wannan ba datti ba ne da za a wanke, kwarin da allura take bi ne ya cinye.

Baba bai ɓoye ba. Ya ce ɗana mu muka yi masa haka da hannunmu, muna samari in za a yi biki ko an yi albashi sai a ɗauki na'ura a kai tsakar gida, in allura tana tsalle sai a ɗora mata sule a ka, wani lokaci biyu, tun kafin naira ta zo a 1973, kuma allura ɗaya sai ta shekara ba a canza ba. Allurar da ya kamata ta sauka da nauyin giram biyu zuwa uku an ɗora mata kuɗi, ai noma take yi ba kiɗa ba. Ya faɗi haka yana shafa kwalin, ban ce komai ba.

Muna shirin sa na biyu aka ɗauke wuta. Jikansa ya ce bari ya tayar da janareta, Baba ya ce kul, ya juyo ya ce min injin Garrard da bugun wutar yake tafiya, tamu hamsin ce a daƙiƙa, in janareta ya yi sama ya yi ƙasa haka faifai zai riƙa gudu yana ja da baya, fiyano ya koma kamar mai kuka, ya ce shi ya sa ma na'urar da aka yi don wutar Amurka mai sittin in ka kawo ta nan ba ka canza mata komai ba sai ta riƙa jan ƙafa. Aikinsa ne, ya san abin. Muka fito tsakar gida Hajiya ta aiko da kunun gyaɗa, muna sha nake ba shi labarin faifan Kind of Blue na mai busa ƙaho Miles Davis, wanda kamfanin Columbia suka fitar a 1959, cewa su kansu sun gamu da irin wannan, na'urar tef ɗin da aka ɗauki sitiriyo da ita tana ɗan jan ƙafa a zaman farko, sai waƙoƙi ukun fuskar farko suka fito da ɗan sauri, sautin ya ɗan hau, haka duniya ta yi ta ji fiye da shekara talatin sai a 1992 aka gyara, amma na mono lafiyarsa ƙalau. Baba ya yi dariya ya ce toh nasa mono ne, bugun Ingila na kamfanin Fontana, ashe duk shekarun nan shi daidai yake ji. Daga nan hira ta koma kan Blakey, ya san ya musulunta ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ya san ya zo Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, abin da bai sani ba shi ne zaman Lateef a Zariya, da na faɗa masa sai ya ajiye kofi ya yi shiru, can ya ce Zariyar nan? Ina nan Kakuri ina ɗaura waya mutumin yana nan kusa da ni?

Sai bayan isha'i wuta ta dawo. Muka sa na Liberty. Nan take ɗakin ya buɗe, ƙaho ya koma gefe ɗaya sakisofon ɗin Benny Golson ya koma ɗaya gefen, ka fi jin kowa a wurinsa, tsagewar nan babu ita don wannan bai sha sule ba, ƙarfin kuma yana nan kusan duka, sai dai dunƙulewar nan ta mono ta ragu, kamar mutanen da suke zaune a tabarma ɗaya ne aka ba kowa kujerarsa. Akwai ɗan shuu a ƙasa wanda ba ya damun kowa.

Sannan nawa. Allura ta sauka, shiru. Shirun da har Baba ya leƙa ya ga ko ta hau. Fiyano ya fito daga cikin duhu tsaf, kuma a karon farko a daren aka ji babban bes ɗin Jymie Merritt sosai, kowace tsirkiya da ya ja kana binta. Amma da Morgan ya shigo sai na ji ya ɗan ja baya, ƙahon ya yi laushi, ya yi ladabi, gangar Blakey ma kamar an sa mata labule. Shekara da shekaru ina ɗaukar faifan nan a matsayin ƙarshen daɗi, ranar na ji abin da ya rasa. Kuma ni a kunnena, da na'urar Baba, a ɗakin Baba, na farkon nan mai tsagewa ya fi su duka rai, da za a samu irinsa da bai sha wahala ba babu mai kama ƙafarsa. Na Liberty shi ne na mai hankali, wanda zan ce wa duk mai farawa ya nema, don kuɗinsa bai kai rabin rabin na farkon ba kuma hannun mutum ɗaya ne ya yanka su.

Baba kuwa sam bai yarda da ni ba. Ya sa aka maimaita na Japan sau uku. Ya ce kai yaro ne kunnenka yana son faɗa, ni kunnena ya riga ya tsufa, saman sautin nan da kake magana ban fi jin rabinsa ba yanzu, abin da nake nema shi ne mai bes ɗin nan, shekara sittin ina jin faifan nan ban san haka mutumin yake aiki a baya ba. Ya rufe ido yana bin bes ɗin da yatsa a kan gwiwa. Muka yi ta ja, in sa wannan ya sa wancan, wuri ɗaya muke maimaitawa inda ƙaho yake shigowa, har Hajiya ta turo a ce dare ya yi.

Washegari da safe na koma sallama, na kuma yi ƙarfin hali na tambaya ko zai sayar min da na farkon, na ce Baba ka faɗi ko nawa ne zan nemo. Ya girgiza kai ya ce wannan amana ce, wanda ya ba ni bai karɓi ko kwabo ba. Ban sake tayar da maganar ba. Na nuna wa jikansa yadda ake wanke faifai da tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba, da ɗigon sabulun ruwa ɗaya, a bi da'ira kar a jiƙa takardar tsakiya, a jingine a inuwa ya bushe, yaron ya mai da hankali sosai har yana rubutawa a waya. Da zan tashi Baba ya riƙe na Japan ɗin bai miƙo ba, ya ce ɗana ka bar min wannan zuwa ƙaramar sallah, ka tafi da na Liberty ka ji shi a naka ɗakin, in ka dawo sai ka faɗa min ko har yanzu kana kan bakanka. Na ce toh Baba, Allah ya ƙara lafiya, Allah ya kai mu.

Shi da kansa ya naɗe min shi a tawul ɗin, ya haɗa da lotsattsen Armstrong ɗin da na nuna masa, ya ce in sa shi tsakanin gilashi biyu in ɗora littattafai in manta da shi wata uku, wani lokaci yana miƙewa. Yaya ya sauke ni a Kawo wajen ƙarfe goma, motar Kano saura mutum biyu, na zagaya na duba ta ina rana za ta biyo sannan na shiga na zauna da kwalin a cinya.